Inji ya yi zafi? Ku ajiye bokitin ruwan nan

Gasar Dakar ta 1992 ta sauya hanya, ta tashi daga Paris zuwa Cape Town, ta ratsa Nijar da Chadi da Kamarunmu. Stéphane Peterhansel ne ya lashe ɓangaren babura a kan Yamaha. Abin da matasanmu masu son tsere ba sa gani shi ne, a irin wannan gasa, kowane dare makanikai na kwance babur su duba shi kafin gari ya waye.

Mu kuwa a Briqueterie da Nkomkana, yaro zai tafi tsere da abokai a hanyoyin jar ƙasa na bayan gari, ko ya wuni yana benskin a kan tudun Yawunde da fasinja biyu, inji ya ɗau zafi har yana wari, sai ya kwara masa ruwan sanyi ya ci gaba. A ganina wannan ɗabi'a ta fi ramukan titi kashe babura.

Yawancin baburanmu iska ce ke sanyaya su, ta waɗannan haƙarƙarin ƙarfe da ke jikin inji. Da damina laka ke cike tsakaninsu, zafi ya gasa ta ta zama kamar bulo. Sunan unguwarmu ma ai daga aikin bulo ya samo asali, to ga shi muna gasa shi a jikin inji. Iska ba ta shiga, zafi ba ya fita. Kan inji kuma na alminiyom ne. Ruwan sanyi a kansa yana zafi na iya lanƙwasa shi ko tsaga shi.

Abin yi ba wuya. A kashe babur a inuwa, a bar shi ya huce da kansa. Sannan a yi juyen baƙin mai ko lokacinsa bai yi ba, domin man da ya ƙone ya rasa santsinsa. A kankare lakar, a wanke matatar iska. A cire fulogi: in bakinsa ya yi fari fat, fetur ya yi wa inji kaɗan, a duba kabureta. In shuɗin hayaƙi na fita ta salansa, ko ƙarfi ya ragu, sai makanike ya duba fistin da ringi. Mai babur ɗin tsere mai lagireto kada ya buɗe murfin da zafi. In mai ya koma kalar madara, ruwa ya shiga, gaskit ya tafi.

Na san amsar da za a ba ni: “Malam, kuɗin balas fa? Mai babur ba ya jin uzuri.” Gaskiya ne. Amma man da ake juyewa kusan lita ɗaya ce, sauke inji kuwa kwanaki ne ba aiki, ga kuɗin kaya. Wasu cikin waɗannan yara sun zauna a ajina, na san gidajen da babur ɗaya ke biyan haya da kuɗin makaranta.

Babur ɗin wani amana ce. In ya yi zafi a hannunka, ka faɗa wa mai shi, kada ka wanke ka mayar shiru. Ku ma alhazai masu babura, ku yafe wa yaro balas na ranar juye. In kun matsa masa, ɓoyewa zai yi, kuma injinku ne zai buga.