Sharhi: Gobarar Cibiyar Bayanai ta Koriya da Darasin da Ke Cikinta Gare Mu

A daren Juma'a, 26 ga Satumba, 2025, gobara ta tashi a babbar cibiyar adana bayanai ta gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon, a daidai lokacin da ma'aikata ke sauya wa wasu manyan batura wuri. Kafin gari ya waye, ayyukan gwamnati sama da 600 da ke gudana ta kwamfuta sun tsaya cik, ciki har da na gidan waya da na katin shaida. Haka kuma wani rumbun da ma'aikatan gwamnati ke ajiye takardunsu ya ƙone ƙurmus, alhali ba a ajiye kwafinsa a wani wuri ba. Binciken 'yan sanda ya nuna cewa ba a kashe wutar baturan gaba ɗaya ba kafin a fara aikin, kuma ba a rufe bakunan wayoyin yadda ya kamata ba.

Wani zai tambaya, ina ruwan manomi ko makiyayi da abin da ya faru a wata ƙasa mai nisa? Amsar ita ce, lambar shaidar ɗan ƙasa, da lambar BVN ta banki, da albashin malamin makaranta, da fanshon tsohon ma'aikaci, duk a cikin irin waɗannan cibiyoyi suke ajiye. A nan Nijeriya, kamfanin Galaxy Backbone da gwamnatin tarayya ta kafa a 2006 na daga cikin masu riƙe wa hukumomi bayanansu. Cibiyar bayanai kuwa rumbu ce, sai dai abin da ke cikinta ba ya rayuwa sai da wutar lantarki dare da rana.

Wannan ne ya sa ake jawo wa kowace na'ura wuta ta layi biyu mabambanta, domin idan ɗaya ya ɗauke ɗaya ya riƙe, sannan a tanadi batura da janareta. To amma duk wannan tanadi yana iya zama aikin banza saboda mantuwar mutum ɗaya. Idan aka haɗa wayoyin biyu a layi guda bisa kuskure, babu wanda zai lura sai ranar da wuta ta ɗauke. Idan ba a ɗaure kusar waya ta yi ƙarfi ba, wurin zai riƙa zafi a hankali har ya haifar da gobara. A watan Mayu na 2017, kamfanin jiragen sama na British Airways ya soke tashin jiragensa daga Landan, abin da ya shafi fasinjoji kusan 75,000, bayan da aka katse wutar cibiyar bayanansa sannan aka mayar da ita ba bisa tsari ba.

Maganin da masana suka daɗe da amincewa da shi ba mai tsada ba ne: takardar bin diddigin aiki, wato jerin matakan da za a duba ɗaya bayan ɗaya, a sa alama, a sa hannu. Matuƙa jirgin sama ne suka fara amfani da ita bayan haɗarin wani jirgin kamfanin Boeing a Amurka a 1935, inda ƙwararren matuƙi ya manta bai kwance makullin sitiyari ba. A 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da irin wannan takarda mai matakai 19 domin ɗakunan tiyata.

A aikin shimfiɗa wayoyi, takardar kan tambayi abubuwa kamar haka. An kashe wuta, an kulle makunnin da kwado, an kuma gwada an tabbatar babu wuta a layin? Kaurin wayar ya dace da nauyin da za ta ɗauka? An haɗa wayar ƙasa? An raba hanyar wayoyin wuta da ta wayoyin sadarwa? An rubuta suna a bakin kowace waya, farko da ƙarshe? An gwada rufin wayar kafin a saki wuta? Daga nan sai wani injiniya dabam, ba wanda ya yi aikin ba, ya sake dubawa.

Sai dai wajibi ne mu faɗi gaskiya: takarda ba ta aiki da kanta. Idan ɗan kwangila zai zauna a cikin mota ya cike ta bayan an gama aiki, to gara ma babu ita, domin za ta sa a saki jiki da abin da ba a duba ba. Haka nan idan ta yi tsawo fiye da kima, ma'aikaci zai gaji ya riƙa tsallake layi. Dole ta zama gajeriya, a cike ta a bakin aiki, kuma mai sa hannu ya san za a neme shi idan matsala ta taso.

A nan ne muke jan hankalin shugabannin ƙananan hukumomi, da daraktocin ayyuka, da masu kula da asibitocin karkara. Ko da ba mu da babbar cibiya, muna da ɗakunan kwamfuta a sakatariya, da batura da faifan hasken rana da ke riƙe firinjin allurar rigakafi. Kada a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai ya miƙa takardar bin diddigi da sakamakon gwaji, kuma a nemi hukumar NEMSA, wadda doka ta ɗora wa alhakin duba ayyukan lantarki tun 2015, ta tantance aikin. Masu unguwanni da sauran jama'a su ma suna da haƙƙin tambaya ko an yi hakan, domin dukiyarsu ce.

Hausawa na cewa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan ƙasa mai ci gaban fasaha kamar Koriya ta Kudu ta yi irin wannan asara saboda an tsallake mataki, to mu da kayanmu ba su da yawa mun fi kowa buƙatar kiyayewa.