Rajistar baƙi a Kaduna: Ina adireshin maigadi?

A shekarar 2019 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rajistar baƙi ta intanet, wanda ya wajabta wa duk ɗan ƙasar waje da zai wuce kwanaki 90 a Najeriya ya kai kansa ga hukumar shige da fice, a ɗauki hoton yatsunsa, ya kuma faɗi inda yake zaune.

Ga injiniyan da wani kamfani a Kakuri ya ɗauko daga China ko Indiya, wannan ba abin damuwa ba ne. Kamfanin ne ke nema masa katin zama na CERPAC, gidansa a Barnawa kuma yana da lamba.

Matsalar tana ga ɗan Nijar mai gadi ko ga-ruwa a waɗannan unguwanni na kudancin Kogin Kaduna, wanda sau tari makwancinsa ɗakin bakin ƙofa ne ko barandar shago. Wane adireshi zai bayar? Maigidan da ya kamata ya tsaya masa kuwa na gudun abin da zai haɗa shi da hukuma.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar shigowa ba tare da biza ba, to amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025. A lokacin ECOWAS ta ce a ci gaba da barin 'yan ƙasar suna zirga-zirga har sai an sake shawara, wato dai alfarma ce da za a iya janyewa.