An Ƙara Wa Mota Wuta, Wa Zai Ƙara Mata Birki?

Jama'a, duk wanda ya taɓa shiga mota daga Kwanar Dangora ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore zuwa ƙasar Doguwa, ya san abin da za mu faɗa tun ba mu buɗe baki ba. Mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, buhunan masara da shinkafa sun hana but rufuwa, mota kuwa tana gudu kamar an biyo ta. Kowa ya yi tsit sai salati. Mu da ke bin wannan hanya kowace ranar kasuwa mun gaji da yin shiru.

Bari mu fara da yayin da ya shigo, watau ƙara wa inji ƙarfi. Inji ba mai kaɗai yake ci ba, har da iska, kuma gwargwadon iskar da ya shaƙa gwargwadon man da zai iya ƙonewa. Don haka Turawa suka ƙera na'ura mai ɗura masa iska da ƙarfin tsiya. Wadda hayaƙin salansa ke juyawa ita ce turbo. Wadda bel ke juyawa daga jikin inji kuwa ita ce ake rubuta Kompressor a bayan Marsandi, irin C180 da C200 ɗin nan na tsakanin 2000 da 2007 da suka shigo mana ta Kwatano. Samari masu hali sukan sa bakanike ya canja faifan da bel ke ja, ya sa ƙarami domin na'urar ta ƙara saurin juyi, sa'an nan a jona ƙwaƙwalwar mota da kwamfuta a ƙara mata mai. Lalle mota takan ƙara tashi. Amma fa iskar da aka matse zafi take yi, zafin nan kuwa yakan sa mai ya kama tun lokacinsa bai yi ba, fistin ya riƙa shan duka har gasket ya ƙone. A Jamus, inda aka ƙera motar, wanda ya yi mata irin wannan aiki tilas ya kai ta wurin masu duba motoci su amince, in ba haka ba izininta na hawa titi ya faɗi. A nan kuwa daga gareji sai kwalta.

To, ɗan mai kuɗi in ya ƙone injinsa, aljihun ubansa ne zai yi kuka, ba ruwanmu, muddin bai haɗa da ɗan wani a bakin hanya ba. Abin da ya dame mu shi ne irin wannan dabara da ta sauko kan Golf da Sharon, motocin da mu talakawa ke shiga. A ɗaga bayan mota da sifirin mai tauri don ta ɗauki kayan da ba nata ba. A fasa salansa a cire abin nan da ake kira indomi, wai don inji ya numfasa, ko da yake kowa ya san ƙarafa masu tsada da ke cikinsa ake sayarwa. Na'urar taƙaita gudu kuma, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta wa motocin haya tun 2017, ku tambayi kanku a mota nawa kuka ga tana aiki. Duk ana ta gyaran abin da ke sa mota tafiya, ba mu ji mai gyaran abin da ke tsai da ita ba.

Ga lissafi, ba namu ba ne, na masana ne. In aka ninka gudu sau biyu, nisan da mota ke bukata kafin birki ya tsai da ita ninkuwa yake yi sau huɗu. Watau wanda ya tashi daga kilomita 80 zuwa 120 ya ninka wannan nisa fiye da sau biyu. Ku ɗora kaya a kai, ku ɗora gangaren ƙasar Doguwa mai duwatsu inda birki ke ɗaukar zafi har ya daina ci, ku ƙara da tsohuwar taya 'yar Kwatano. Sa'an nan saniya ta fito daga daji.

Kada a ce direba muke zagi. Direba ɗan'uwanmu ne, talaka ne kamarmu, ba kuma hauka ke sa shi gudu ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuwa koma ba. Mai mota yana jiran balas ɗinsa da yamma, ko an samu ko ba a samu ba. Tasha ta karɓa, kan hanya a karɓa. Ga dajin Falgore da ya daɗe da suna wajen 'yan fashi, ba mai son dare ya yi masa a ciki. Wanda aka matsa haka, sawu biyu zai so ya mai da uku. Mai motar kuwa yana gida a kishingiɗe, ba ya cikinta ranar da taya ta fashe.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa: kuɗin da ake karɓa kullum, a ware wani abu a ɗauki bakanike mai duba birki da taya kafin a yi lodi. Motar da aka taɓa injinta ko sifirinta, a tuhumi mai ita, ba yaron da ya ba tuƙi kaɗai ba.

Ku kuma 'yan kasuwa, iyayenmu mata da ke kai kaya Tudun Wada, kuna da naku iko. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2317 na nufin mako na 23 na shekarar 2017. Ku duƙa ku duba kafin ku biya kuɗin mota. In tayar ta girmi ɗanku da ke aji biyu na firamare, ku sauke buhunku ku jira ta baya, in ɗan kamasho ya yi magana ku nuna masa lambar.