SHAFIN NA'URORIN ZAMANI: Kafin Alhaji ya kwance bakin jaka

Wannan mako wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ne ya aiko mana da takarda. Ya ce ɗansa, wanda ke burin zama matuƙin jirgin sama, ya matsa masa lamba sai an sake masa kwamfuta, domin wadda ke gida ba ta iya ɗaukar wasan koyon tuƙin jirgi da tabarau ɗin nan da in mutum ya sa shi sai ya ga kamar yana zaune cikin jirgi. Alhaji yana tambaya: me zai saya, kuma yaushe?

Da farko Alhaji ya sani yaron bai yi ƙarya ba. Allon kwamfuta na yau da kullum ɗigon hoto miliyan 2 da ƴan kai yake nunawa. Tabarau irin Quest 3 kuwa, wanda ya fito a 2023, kowane ido yana da ɗigo 2064 sau 2208, wato idanu biyu sun kai miliyan 9. Kuma ana so na'ura ta zana wannan hoto sau 90 cikin daƙiƙa guda. In ta gaza, sai hoton ya riƙa tsalle, mutum ya juya kai duniya ba ta bi shi ba, daga nan sai jiri da tashin zuciya. Akwai dabarar da na'ura ke zana 45 ta cike sauran da ƙiyasi, kuma da ita da yawa daga cikin masu wannan sha'awa suke tashi, ba tare da sun ji kunya ba.

To amma gazawa ba wuri guda take ba, kuma nan ne kuɗin mutane ke zubewa. Kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa mai lissafin iska da gine-gine da sauran jirage, tana kuma da katin hoto mai zana abin da ido ke gani. In ƙwaƙwalwar ce ta gaji, ko an sayo katin hoto mafi tsada a Dubai babu abin da zai sauya; tamkar mai babbar mota ne da ya sayi sababbin tayoyi alhali injin ne ya kwanta. Wasan Microsoft Flight Simulator yana da wani ɗan allo da ke faɗin wanne daga cikin biyun ke jan ƙafa. Yaron ya buɗe shi, ya gwada a babban fili mai cunkoso kamar na Paris, ya kuma gwada a filin Diori Hamani na Yamai, ya rubuta abin da ya gani. Wannan ba ya cin ko dala.

Idan ƙwaƙwalwa ce, ana iya samun sauƙi. Kamfanin AMD ya fitar da Ryzen 7 5800X3D a watan Afrilu na 2022, wadda ke zama a tsohon gurbin AM4, kuma irin waɗannan wasanni suna jin daɗinta ƙwarai. Mai wannan gurbi guntu ɗaya zai sauya, in ya same shi. Wanda ya ce sai 7800X3D ta 2023 ko 9800X3D ta 2024, to sai ya sake uwar allon da ma'ajiyar RAM gaba ɗaya. Idan kuwa katin hoto ne, a nan ake jin jiki. RTX 5090 ya fito a Janairun 2025 a kan dalar Amurka 1999, fiye da Sefa miliyan guda ke nan tun kafin kuɗin jirgi da na ƴan duwan. A ganina wannan ba kayan ɗan makaranta ba ne. Kati na tsaka-tsaki mai ma'ajiya giga 16 ya wadatar, a ɗan rage gajimare da inuwa.

Sai maganar lokaci. Duk ɗan kasuwar da ya ga watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar Sefa rabi da rabi cikin dare guda, ba sai an koya masa cewa ranar saye tana da tasiri ba. A 2021 katin hoto ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba saboda annobar korona da masu haƙar kuɗin intanet. Waɗanda suka daure zuwa ƙarshen 2022 sun saya da rahusa. Wasu kuma jira ya cuce su, domin a ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo. Shawarata ita ce kada a sayi abu a makon da ya fito, kada kuma a saye shi ana gab da fitar da magajinsa. Waɗanda suka yi rububin Flight Simulator 2024 ranar 19 ga Nuwamba na shekarar, da yawansu sun wuni suna kallon allon jira.

A yi hattara da kwance. Tabarau HP Reverb G2 yana da kyaun hoto, ana kuma samunsa da araha, amma Microsoft ya cire manhajar da yake dogara da ita daga Windows 11 a 2024, sai da dabarar waje yake tashi.

Akwai kuma abin da takardun Turawa ba su faɗi. Shi RTX 5090 kaɗai wat 575 yake sha, duk kuma zafi zai koma cikin ɗaki. A watan Afrilu, a Tawa ko Damagaram, mai karatu ya san abin da hakan ke nufi. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, ɗaukewar wuta tana lalata kaya, don haka a ware kuɗin ondiler mai ƙarfi tun farko. Wasan 2024 yana jawo taswirar duniya daga intanet ana cikin tashi, kamfanin ma mega 50 ya ba da shawara. Inda layi ba shi da ƙarfi, X-Plane 12, wanda ke ajiye taswirarsa cikin na'ura, ya fi dacewa.

Daga ƙarshe Alhaji ya gaya wa yaron cewa awoyin da ya yi yana tashi a ɗaki ba su shiga lissafin lasisin tuƙi. Zai koyi karanta agogunan jirgi da tsarin sauka, wannan gaskiya ne, amma kuɗin makarantar tuƙi suna nan suna jira, kuma daga jaka guda za su fito. Ya aiko mana da abin da ɗan allon nan ya nuna, mu duba tare mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.