Muna kukan tsadar fetur, fulogi yana sha mana shi

Shekaranjiya na shiga wata Golf daga Gaya zuwa Ajingi. Sau uku muna tsayawa a hanya. Mota ta fara fizga, direba ya sauka ya kwance fulogi, ya kankare shi da wuƙa, ya hura masa iska da baki ya mayar. A tsayuwa ta uku na ce, "Direba, don Allah yaushe rabonka da canza su?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, kuɗin mai ma da ƙyar muke haɗawa."

Na tausaya masa, amma ban yarda da lissafinsa ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ba a nan ta tsaya ba. To fulogin da ba ya ba da wuta sosai, man da ya shiga injin ba ya ƙonewa duka, ta salansa yake fita. Ka sayi mai da tsada, ka watsar a titi.

Kuma fulogi yana faɗin ciwon mota, mu ne ba ma dubawa. In ka ga bakinsa da baƙin hayaƙi a bushe, mai ya fi iska yawa, sau da yawa matatar iska ce ƙura ta toshe, ga mu da hanyoyin burji da ƙurar hunturu. In a jiƙe yake da baƙin mai, zargi ringi, ko sau goma ka wanke zai dawo. In ya yi fari fat, injin yana ɗaukar zafi.

Wankewa ba laifi ba ne. A bari injin ya huce, a share yashin gefen kafin a kwance, kada ya zuba ciki. A goge da burushin waya, a duba tazarar bakinsa, a fara ɗaurawa da hannu kafin a sa sifana. Amma wanda bakinsa ya cinye, wallahi kankara ba ta raya shi.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne jabu. Kwalin NGK tsaf, cikinsa wani abu daban, sati biyu ya mutu. Masu shagunan kayan gyara, ku ji tsoron Allah, ku gaya wa mutum wanne ne na gaske, ya zaɓa daidai aljihunsa.

Sai bayan magariba muka shiga Ajingi. Wata baiwar Allah da ke riƙe da jariri ba ta da lafiya, ita ma duk tsayuwar nan da ita aka yi.