Matafiyi da Telan Ƙasar Waje

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ana gab da Sallah ya san halin tela. Ya san alkawarin "gobe da yamma" wanda kan kai mako biyu bai cika ba, ya kuma san yadda ake zuwa shago a tarar da yadin mutum a ninke inda ya bar shi, ko almakashi bai gani ba. Duk da haka mai ɗinki a gida yana da wani makami da ba kasafai yake lura da shi ba, wato damar komawa. Shagon yana nan, telan yana nan, an san unguwarsu, an san masallacin da yake salla. In riga ta matse a mayar a buɗe ta, in wando ya yi tsawo a rage shi, in kuwa abin ya faskara akwai dattijon da za a kai wa ƙara. A kan wannan dama ce amanar da ke tsakanin tela da mai ɗinki ta ginu, kuma ita ce abu na farko da mutum yake rasawa da zarar ya sauka wata ƙasa da tikitin komawa a aljihunsa.

Ra'ayina a nan shi ne, bai kamata matafiyi ya zaɓi tela saboda sauri, ko araha, ko ƙyallin shago ba. Telan da ya cancanci a ba shi aiki shi ne wanda ya amince a gwada tufar a jikin mai ita sau biyu ko uku kafin ranar tafiya. Idan kwanakin da mutum zai yi ba za su isa haka ba, gara ya sayi yadinsa ya dawo da shi gida.

Akwai garuruwan da ɗinka wa baƙi tufafi ya zama musu babbar sana'a. Alal misali, Hoi An, wani tsohon gari ne a tsakiyar ƙasar Biyetnam, kimanin kilomita 30 kudu da birnin Da Nang. A da tashar jiragen ruwa ce ta fatake, kuma a shekarar 1999 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. A yau ɗaruruwan shagunan ɗinki ne jere a titunansa, kuma da yawansu suna yi wa baƙo alkawarin kwat da wando cikin awa 24. Haka abin yake a wasu unguwannin Bankok, babban birnin Tailan, da unguwar Tsim Sha Tsui ta Hong Kong, inda ɗinkin kwana ɗaya ya yi suna tun zamanin da sojojin Amurka suke zuwa hutu lokacin yaƙin Koriya da na Biyetnam. Waɗannan wurare suna da gwanayen teloli na haƙiƙa, ba na musun wannan. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi kawai, an tsara kasuwar ne bisa sanin cewa mai saye yana sauri, kuma da wuya a sake ganin fuskarsa.

Domin a gane abin da awa 24 take nufi, sai a kwatanta da titin Savile Row na birnin Landan, inda ɗinkin kwat ya kai ƙololuwa. Ƙungiyar telolin wannan titi, wadda aka kafa a 2004, ta gindaya cewa kwat da wando ba za su amsa sunan ɗinkin musamman ba sai an yi musu aikin hannu na aƙalla awa 50. Ana yanka wa kowane mutum zanen jikinsa a takarda, a harhaɗa kwat ɗin da farin zare sama-sama, ya zo ya saka, a zana gyara da alli, a warware, a sake haɗawa. Aikin yakan ɗauki watanni biyu ko uku. Ba ina cewa malamin makaranta ya nufi Landan ba ne, albashinsa na shekara ma da ƙyar ya ɗauki nauyin kwat guda a can. Na kawo misalin ne domin a ga cewa abin da ake biya a wurin tela na gari lokaci ne da gwaji. Wanda ya ce zai gama cikin dare ɗaya, lalle akwai matakan da ya tsallake, kuma mai ɗinki yana da haƙƙin sanin waɗanne ne.

Me ya sa na nace a kan gwaji? Dalili kuwa shi ne tef ɗin awo yana ba da tsawo da faɗi ne kurum, ba ya faɗin siffa. Mutum biyu suna iya yin daidai a faɗin ƙirji da tsawon hannu, amma ɗaya kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, ɗayan kuma yana da ɗan doro, ko yana tafiya da ƙirji a gaba. Kusan babu ɗan Adam da ɓangarorinsa biyu suke daidai. Babbar riga da jallabiya suna rufa wa irin wannan asiri saboda yalwarsu, amma kwat tufa ce mai bin jiki, tona asiri take yi. Sai an saka ta ake ganin wuyan ya ɗaga daga bayan wuya, ko yadin ya tattare a tsakanin kafaɗu, ko maɓalli yana jan gaba kamar zai tsinke. Gwajin farko shi ke nuna waɗannan kurakurai, na biyu kuma shi ke tabbatar da cewa an gyara su ba tare da an haifar da wasu ba. Kafaɗa musamman, in ta ɓaci, gyaranta kusan sake ɗinki ne. Saboda haka wanda zai yi kwana biyar a gari, ranar farko ya kamata ya je wurin tela, ya kuma tsayar da ranar karɓa kwana guda aƙalla kafin tashinsa. Wanda aka kawo wa kaya otal da dare, jirginsa kuma da asuba, ba shi da sauran ta cewa, ko hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo haka zai naɗe ya tafi.

Sai kuma batun wanda ya nuna maka shagon. Masu iya magana sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, shi ya sa yake neman ɗan jagora. Matsalar ita ce a irin waɗannan garuruwa jagoranci ma sana'a ce. A Bankok sanannen abu ne direban babur mai ƙafa uku, wanda suke kira tuk-tuk, irin A-daidaita-sahun nan namu, ya ce wa baƙo fadar sarki da yake son gani a rufe take yau, amma zai zagaya da shi gari a kuɗi kaɗan. Ƙarshen zagayen shagon tela ne ko na duwatsun ado, inda ake sallamar direban da la'ada ko takardar shan mai. A Hoi An ma ma'aikacin otal da mai yi wa baƙi rakiya sukan sami kasonsu a kan kowane baƙon da suka tura. Bahaushe ya san dillanci, bai kuma ɗauke shi laifi ba. Sai dai dillalin kasuwar Kurmi kowa ya san dillali ne, an san la'adarsa. Wannan kuwa a rigar mai ba da shawara yake zuwa, kuɗinsa kuma a cikin farashin ɗinkinka aka cusa shi, ko kuma aka zabge shi daga ingancin yadin. Ra'ayoyin da ake rubutawa a intanet ma a karanta su da hattara, domin mafi yawansu an rubuta su ne ranar da aka karɓi kaya, mutum yana cikin ɗoki, tufar ba ta ga ruwa ba balle guga. Shaidar wanda ya shekara yana saka ɗinkin ta fi shaidar mutum ɗari irin waɗancan.

Wata tambaya da nake ganin ta wajaba ita ce: a ina ake ɗinkin, kuma wa zai yanka? Shaguna da yawa ɗakin baje koli ne kawai. Mai fara'ar da ya tarbe ka, ya ba ka shayi, ya auna ka, ɗan kasuwa ne, bai taɓa riƙe almakashi ba. Lambobin da ya rubuta za a kai su wata ma'aikata a bayan gari, inda wanda bai taɓa ganinka ba zai yanka yadinka tare da na wasu shaguna goma. Hakan bai hana aiki ya yi kyau ba, amma yana nufin duk bayanin da ka yi da baki yana iya faɗuwa a hanya. In aka ce mai yankan zai halarci gwaji da allinsa a hannu, to an sami wurin da ya dace.

Ni kaina da tsada na sayi wannan darasi. Na taɓa halartar wani taro na kwana huɗu a Bankok, sai a rana ta uku sha'awar kwat ta kama ni. Na shiga wani shago mai madubai, aka shimfiɗa mini yadi aka rantse ulu ne tsantsa, aka auna ni cikin minti goma, na biya kuɗi gaba ɗaya saboda an yi mini ragi. An kawo kayan da dare, na saka a gaban madubin otal na ga ba laifi. Wata uku bayan na dawo, da aka wanke aka goge, sai gaban kwat ɗin ya yi ƙuraje kamar fatar kwaɗo. Telana na gida ya farke gefen shafin ya nuna mini dalili. Kwat ta gari ana saka mata wani yadi mai tauri tsakanin fuska da shafi, a ɗinke shi da zare domin ya ba ƙirji siffa. Ta gaggawa kuwa manna shi ake yi da gam da zafin dutsen guga, in gam ɗin ba mai kyau ba ne sai ya saki. Daga nan ya zare zare ɗaya daga kalmasar wandon ya kusantar da shi ga ashana. Maimakon ya yi ƙaurin gashi ya zama toka mai murtsukewa kamar yadda ulu da siliki suke yi, sai ya narke ya dunƙule ya yi tauri, alamar roba ce ta fi yawa a ciki. Auduga, in ji shi, ƙaurin takarda take yi. Bai yi mini dariya ba, amma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Laifin kuwa ba na mai shagon ba ne shi kaɗai, kuma nan ne nake raba hanya da masu ganin duk telan baƙi macuci ne. Ni na zo a ƙurarren lokaci, ni na matsa a rage farashi har ya kai inda ulu na gaskiya ba zai yiwu ba, ni kuma na biya duka tun kafin in ga aiki. Araha ba ta ado. Wanda ya taya kwat a kuɗin taguwa ya san, ko da bai faɗa ba, cewa za a rage wani abu, kuma galibi ragin yana faɗawa ne a kan abin da ido ba ya gani, da kuma barcin ma'aikacin da zai kwana a kan keke. Abin da ya dace shi ne a ba da kafin alƙalami, rabi ko ƙasa da haka, a rubuta a rasit irin yadin da ranakun gwaji da ranar karɓa, a yanko ɗan ƙyalle daga bandir ɗin da aka zaɓa a riƙe domin kwatantawa. A kuma roƙi tela ya bar rarar yadi a cikin ɗinkin wando da gefen kwat, yadda telan gida zai sami abin buɗewa in jiki ya ƙaru. Kada a manta da bambancin ma'auni: mu da yadi da inci muka saba, mafi yawan ƙasashe kuwa da mita da santimita suke aiki. Yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗoriya, inci ɗaya kuma santimita 2.54. Wanda ya tafi da awonsa a rubuce bai faɗi ma'aunin ba, yana iya karɓar rigar yaro.

Akwai masu cewa ai ɗinkin waje ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ko da an sami ɗan kuskure ribar ta rufe shi. Wannan gaskiya ne ga tufafi marasa wuyar ɗinki, kamar taguwar ofis ko wando, musamman in mutum ya tafi da wanda ya fi yi masa daidai ya ce a kwaikwaya. Telolin Hoi An sun shahara a kwaikwayo, kuma samfurin da aka riƙe a hannu ya fi hoton waya, ya kuma fi dogon bayani da harshen da ku duka biyun arowa kuka yi. Amma kowane tela gwanin tufar ƙasarsa ne da tufar da baƙinsa suka saba nema. Alhajin da ya ba telan Makka ko Jidda jallabiya ya kai aiki inda aka iya shi, muddin ya fayyace wadda yake so, domin ta Saudiyya mai tsayayyen wuya ce da maɓallai, ta Daular Larabawa kuwa ba ta da wuya, wani dogon tuntu ne yake sauka a ƙirjinta. Ya kuma tuna cewa telolin can ma cunkoson Azumi yana kama su kamar namu. Wanda kuwa ya ɗauki yadi goma na shadda ya miƙa wa telan Bankok ya ce a yi masa babbar riga da 'yar ciki da wando, ya saka shaddarsa a caca. Yadda ake haɗa ƙwaryar riga, da zurfin aljihu, da inda aiki yake zama a wuya da ƙirji, da yadda hannu zai naɗu a kafaɗa ba tare da ya zame ba, abubuwa ne da telan Kano ko Zariya ko Damagaram ya tashi yana gani tun yana yaron shago, ba a koyonsu daga hoto cikin dare ɗaya.

Tun daga waccan tafiya, in na sauka wani gari na ga yadin da ya burge ni, kwanakina nake fara ƙirgawa. In sun kai biyar, nakan nemi shagon da ake jin ƙarar keke a cikinsa, in ba da taguwa ɗaya tukuna in ga hannun telan kafin in ba shi babban aiki. In ba su kai ba, sai in sa a yanka mini mita huɗu ko biyar, in saka a ƙasan akwati. Telana na gida zai yi mini alkawarin Alhamis, na kuma san sai Alhamis ta sama zan karɓa, amma shagonsa tafiyar minti goma ce daga ƙofar gidana.