Kada Mu Sayar Da Tsohon Keken Ɗinki A Kan Sikeli

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, a gidaje da yawa akwai tsohon keken ɗinki, baƙi mai zanen ruwan zinariya, an jingine shi a lungu tsatsa tana cinsa. Ran da 'yan gwangwan suka zo sai a ɗora shi a sikeli, a karɓi kuɗin da ba su wuce cefanen yini biyu ba. Ni a ganina wannan asara ce. A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ke tara irin waɗannan kekuna suna adanawa, kuma ya kamata mu yi koyi da su, domin kowane keke darasi ne na yadda aka sa ƙarfe ya yi aikin hannu.

Mai ɗinkin hannu yakan tura allura ta ratsa yadi, ya saki, ya kamo ta ɗaya gefen. Inji ba shi da yatsun yin haka, shi ya sa aka daɗe ana neman dabara. A 1830 wani tela a Faransa, Barthélemy Thimonnier, ya ƙera keken katako mai zare ɗaya. Ɗinkinsa irin na bakin buhun shinkafa ne, wanda in ka ja bakin zaren sai ya warware duka. Ya kafa kekuna 80 a Paris suna ɗinka kayan soja, amma teloli suka farfasa su don tsoron rasa abinci.

A Amurka, Elias Howe ya yi rajistar nasa a 1846. Kafar allurarsa tana wajen tsini, ba a gindi ba. Idan ta huda yadi ta fara komawa, sai zaren ya bar ɗan zobe, ƙoshiya ta ratsa zoben da zare na biyu, su sarƙe a tsakiyar yadin. Ashe ƙoshiyar masaƙa ce aka mayar ta ƙarfe. Isaac Singer ya fito da nasa a 1851, mai allura a tsaye. Allen Wilson kuwa ya yi rajistar haƙoran nan da ke jan yadi gaba a 1854.

Duk wannan ana ganinsa da ido a tsohon keke. Ka kifa kansa, ka juya da hannu a hankali, za ka ga yadda juyi ɗaya ke motsa allura da ƙoshiya da haƙora, kowane a lokacinsa. Keken zamani mai lantarki an rufe cikinsa da roba, ba ya nuna wa yaro komai. Bugu da ƙari, kekunan Singer suna da lamba a jikinsu wadda ke nuna shekarar da aka ƙera su. Masu harafin K, kamar 15K, daga masana'antar Clydebank ta Sikotland suka fito, wadda aka rufe a 1980. Wanda aka narkar ya tafi ke nan, babu mai ƙera madadinsa.

Wani zai ce tara tsofaffin kaya wasan masu kuɗi ne, keke kuwa don neman abinci aka yi shi. Gaskiya ne, keken da ke ciyar da gida a bar shi ya yi ta ɗinki. Maganata a kan wanda aka yasar ne. Ina roƙon iyaye su ba makaranta irinsa, a ware masa kusurwa a ɗakin kimiyya, mu goge shi, mu sa masa mai, mu rubuta shekararsa da sunan telan da ya yi aiki da shi. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Yaron da ya kwance ƙoshiya ya mayar da ita da hannunsa ba zai ƙara jin tsoron inji ba.

Allah ya sa mu gane, amin.